Jirgin da Babu Shi a Littafi

"Lafiya lau, in ban da ciwon ganinka," na amsa masa tun bai gama durƙusawa ba. "Ina allurar keken da na aike ka tun shekaranjiya?"

"Haba amarya, ko ruwa ba ki ba angonki ba, sai tuhuma?"

"Angon da aka aika sayen allura ya kwana biyu? Da likkafani na aike ka ai da tuni na ruɓe."

"Da likkafani ne ai da gudu zan kawo, har da gyara."

Jikana ne, ɗan 'yata ta fari. Kan Tulu nake ce masa tun ranar da aka haife shi ungozoma ta dubi girman kansa ta yi salati. Wata uku ke nan yana aikin gwaji a wani ofis inda ƙarti ke wuni suna kallon hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, su gaya wa masu jarida abin da suka gani. Ranar nan ita ce ta ƙarshe a gwajin. Ya ture mini almakashi da alli daga kan teburin yanka, ya baje kwamfutarsa, yana ta gumi kamar wanda ya haɗiyi garwashi.

"Tsohuwa, don girman Allah ki ba ni aron shiru na awa biyu. A ofis oga na tsaye a ƙeyata. Ƙarfe huɗu yake son rahoto. In na kawo abin kirki a ɗauke ni aiki, in na kawo shirme in kwashi takalmana."

"To, ka fara ɗaure igiyar takalman. Mene ne wannan kamar ƙadangare ya mutu a kan siminti?"

"Jirgin yaƙi ne, a sansanin sojin sama. Kuma ba kowane jirgi ba. Sabo ne fil, babu shi a littafi."

"Wane littafi?"

"Littafin da aka zana kowane jirgin yaƙi na duniya da tsawonsa da faɗin fikafikansa. Kin ga wannan? Hancinsa da jelarsa sak na wani tsohon samfuri mai mita goma sha biyar. Amma na auna shi sau bakwai, mita goma sha biyu yake ba ni. Sun ƙera ƙaninsa a ɓoye ke nan, wataƙila ma marar matuƙi. Ni na fara ganinsa a duk duniya. Gobe war haka sunan mijinki na cikin jarida."

"A shafin cigiya ko na ta'aziyya? Miƙo mini tabarau."

"Wannan tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare? Ke da rannan kika gaishe da randa kina ce mata sannu da zuwa?"

"Randar ta fi ka amfani, ko banza tana riƙe abin da aka zuba mata. Miƙo!"

Na ɗora tabarau, na matso. Ga dogon titin jirgi, ga rumfuna uku, ga tankin ruwa mai ƙafa huɗu, ga wata bishiya ita kaɗai a bayan ɗakin gyara. Nan take na gane wurin. A ƙarƙashin bishiyar nan na yaye uwarsa. Shekara ashirin da shida na yi a sansanin nan ina ɗinkin tamfol, kakansa kuma yana kwance a ƙarƙashin jirage da sifana a hannu. Yaran yanzu sun ɗauka da furfura aka haife mu.

"Kan Tulu, ashe da gaske ba komai a cikin tulun."

"Kin fara ko?"

"Ban fara ba tukuna. Ka ce jirgin nan yana tashi?"

"To da me zai yi, kwanci kan ƙwai?"

"Matso da hoton. Wancan na kusa da rumfa, mene ne baƙi-baƙi a ƙarƙashinsa?"

"Baƙin mai ne da ya ɗiga."

"Naka fa?"

"Nawa sabo ne, ba ya yoyo."

"Kakanka ya yi shekara talatin yana dawowa gida da riga kamar an tsoma ta a tukunyar rini. Ya ce jirgi da jariri duk ɗaya ne, wanda ba ya ɓata shimfiɗa a duba ko yana numfashi. Ina sawun tayarsa?"

"Wataƙila an share."

"An share! Soja ya bar aikinsa ya ɗauki tsintsiya yana bin sawun taya don kada Kan Tulu ya gani daga sama. Ina tankar mai? Ina tsani? Ina 'yan kwalin da makanikai ke shimfiɗawa su kwanta? Wannan kore-koren da ya kewaye ƙafafunsa fa, kafet aka shimfiɗa masa?"

Ya ƙura ido, ya ƙara girman hoton har ya dusashe. "Kamar ciyawa."

"Kamar ciyawa. Jirgin da ke tashi ciyawa ta samu sukunin yi masa gemu? Kai ko akuya aka ɗaure a wuri ɗaya ai ƙasan wurin ya yi fes."

"Tsohuwa, ke tela ce. Ki tsaya a kan wuyan riga da aljihu. Wannan ilmi ne, sai da na yi shekara huɗu ina karanta shi."

"Shekara huɗu kana karatu, ga shi mutum-mutumi ya ba ka tsoro kamar tsuntsun gona. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tauraron ɗan'adam ba zai hango shi ba. Kana da hoton wurin na watannin baya?"

"Akwai."

"Nemo na bayan babbar iskar nan da ta kwashe mana kwanon banɗaki."

Ya yi ta danne-danne yana gunaguni, wai an haɗa shi da matar da ta girmi wutar lantarki. Sai ga hoto biyu gefe da gefe, na kafin iskar da na bayanta. A na farko hancin jirgin na kallon tankin ruwa. A na biyu ya juya yana kallon bishiya, fiffike ɗaya ya lanƙwashe kamar kunnen jakin da aka yi wa duka.

"To, malam mai littafi, wane jirgin yaƙi ne iska ke juya shi kamar buta?"

Sai kiran oga ya shigo wayarsa. Ya dube ta, ya kife ta a kan yadin mutane.

"Katako ne da tamfol da fenti," na ce. "Ana kafa su ne don masu leƙe irinku su ƙirga jirgi goma alhali shida ne. Da hannun nan na ɗinka wa guda tara riga. Kakanka ya ce da ana ba tela lambar yabo da ƙirjina ya cika."

"Tsaya, tsaya. Na ji ciyawa, na ji iska. Amma a nan na kama ki. In na bogi ne, ai daidai girman na gaske za a yi shi, in ba haka ba wa za a ruɗa? Me ya sa ya gaza da mita uku cur? Amsa mini wannan, uwar iyayi."

Nan kam tambayar ta shiga. Na cire tabarau na goge, na mayar. Sai abin ya faɗo mini, na dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Guntuwa! Allah ya shirye ki, Guntuwa!"

"Wace ce kuma Guntuwa?"

"Wadda na koya wa ɗinki, na bar mata kekena da aikin ranar da na yi ritaya. Matar da in za ta hau keken ɗinki sai an sa mata bulo a ƙarƙashin ƙafa. Buɗe aljihun teburin nan, akwai wani tsohon tef da ban taɓa amfani da shi ba. Auna hannuna, daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa."

"Yau kuma awon likkafanin za mu fara?"

"Auna, ɗan nema!"

Ya auna. "Rabin mita cif. Kai, wannan hannu ai na sata ne, daga nan sai ki ɗauko nama a tukunyar maƙwabta."

"Da shi na ɗauko kakanka daga hannun 'yan mata shida. To, ni ban taɓa awo da tef ba, da kamu nake yi. Jirgin nan kamu talatin ne daga hanci zuwa jela. Talatin sau rabin mita nawa ke nan, mai shekara huɗu?"

"Goma sha biyar."

"Ranar da zan tafi na ce da ita, Guntuwa, riƙe wannan a kanki, tsawo kamu talatin, kada ki ƙara kada ki rage. Ta ce to. Ashe baiwar Allah ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da nata kamun ta auna! Hannun da bai fi ludayi ba!"

Ya ɗauki allina ya yi lissafi a kan teburin yankana, wurin da na hana kowa taɓawa. Ya ɗago a hankali. "In kamunta ya gaza naki da kashi ɗaya cikin biyar, goma sha biyu zai ba da. Daidai. Har fikafikan ma haka suka ragu." Sai ya sake turo baki. "Amma ai kafinta ke yin gangar jikin. Shi ba shi da tef?"

"A can tela ke gaba, kafinta na biye. Tamfol in an yanka ba ya ƙaruwa, katako kuwa ana rage shi. Sai mu gama riga, kafinta ya ƙera mata mai sawa. Ta kai masa ƙaramar riga, ya yi mata ƙaramin jirgi, manya suka zo suka ga fenti na ƙyalli suka yi tafi. Wa zai kawo tef wurin jirgin ƙarya, in ba mai kan tulu da ke leƙe daga sama ba?"

Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa cikin ƙyallaye, ya riƙe kan nan da hannu biyu, kuma hannu biyun ba su ishe shi ba.

"Shi ke nan. Mako uku ina rainon tamfol. Har suna na raɗa masa. Da na aika da rahoton nan da duniya ta yi mini dariya har jikokina."

"Wa zai aure ka balle a kai ga jikoki? Ni ce dai na rufa maka asiri. Tashi ka rubuta."

"In rubuta me? In ce kakata ta ce Guntuwa ba ta da hannu?"

"Ka kuskura ka sa sunana ko nata, in sa almakashi in rage maka kunne. Mu an ja mana kunne tun kafin a haifi uwarka, kuma ni ban gaya maka komai ba, zagin ka kawai na yi. Rubuta abin da idonka ya gani. Babu mai, babu sawu, ga ciyawa, iska ta juya shi, kuma ko'ina ya ragu daidai wa daida kamar rigar da ta sha ruwan zafi. Wanda ya gano jirgin ƙarya ai ya fi wanda ya ƙirƙiro na gaske."

Ya rubuta. Yana yi ina gyara masa zama, yana cewa in yi shiru, ina cewa ɗakina ne. Saura minti goma huɗu ta cika ya aika, ya fice ko sallama babu, ya bar mini teburi kaca-kaca da lissafi.

Kafin rana ta faɗi sai ga shi ya dawo, baki har kunne, ya durƙusa gwiwa biyu kamar mai neman gafara.

"Amarya, oga ya ce cikinmu mu biyar ni kaɗai na duba ciyawa. Ya ce in zo ranar Litinin a ba ni teburina. Har tambayata ya yi wa ya koya mini, na ce wata tsohuwar ƙwararriya ce da ta yi aiki da jirage tara."

"Ƙwararriya ka ce, ko tsohuwa ka fi ƙarfafawa?"

"Na sallama, wallahi na sallama. Ungo." Ya ajiye mini ƙunshin allurar keke, sannan ya zaro sabon tef mai ruwan ɗorawa. "Wannan kuma ki aika wa Guntuwa, kafin ta mayar da rundunar sama ta 'yan tsana."

Na yi dariya har tabarau ya faɗo. Na ɗaura allura a keke, na miƙa masa bakin zare.

"To zura mini, idona ya gaji da aikin ofishinku."

Ya tsuguna, ya lashi zare, ya rufe ido ɗaya, ya soka ya wuce. Ya sake, ya wuce. Sau biyar.

"Bari, bari," na ce, na karɓe abina na zura a tashi ɗaya. "Mai hango jirgi daga sama, ga kafar allura a gaban hancinsa ta gagare shi. Ranar Litinin in sun ba ka teburin, ka ce su sa kujera biyu."