Lahadin da Cuthbert Ya Yi Shiru

"Ranar da na rufe bakina, Sent Lusiya kaf sai ta yi zaman makoki," in ji Misye Cuthbert Fontenelle, yana gyara zaman malafarsa ta kaboyi. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana gabatar da waƙoƙin kantiri, irin na kaboyin Amurka, a rediyo duk Lahadi, kuma a ganinsa shi ya koya wa tsibirin nan rawa. Doki kam bai taɓa hawa ba, ko akuya ce ta matso ba ta hanya yake yi.

Kai ma ka san mu 'yan tsibirin nan da son kantiri. Labarin waƙar muke bi: wa ya gudu, wa ya dawo, wa aka bari daga shi sai kare. To shi uban surutu, da zarar mawaƙi ya kai inda zance zai warware, sai ya rage sauti ya shiga gaishe-gaishe. Ya gai da surukarsa, ya gai da mai askinsa, ya ɗora da labarin ciwon gwiwarsa.

Da manajar gidan rediyon, Mis Eudoxie, ta ce za ta mai da awa ukunsa ɗaya, gogan naka ya yi zuciya ya ce ya shiga yaji. Matarsa Philomène ta roƙe shi ya rufa wa kansa asiri, don in babu shirin nan ba shi da abin nunawa a duniya. Ya ce ita dai ta ƙara kujeru a baranda, masu biko na tafe.

Ran Lahadi tun da ya dawo daga coci ya hakimce a baranda, takalma na ƙyalli. Har azahar babu wanda ya leƙo sai kazar maƙwabta. Mis Eudoxie kuwa da ta rasa mai magana, sai ta jera faifai ta bar su suna juyawa. Can ya jiyo Philomène a kicin tana dafa ɗanyar ayaba da kifi, tana bin waƙa har da rausaya.

"Shirin wa kika kama?"

"Naka mana. Yau ya yi daɗi."

Ya ce ai mutane ba su farga ba ne. Ya sa mai askinsa ya baza cewa yana kwance rai a hannun Allah. Wannan kam ta ci, don Lahadi ta biyu gida ya cika. Cuthbert ya shafe fuska da hodar matarsa, ya ɗora malafa a ƙirji, yana nishi yana ƙirga kawuna da wutsiyar ido.

Ma Titine, tsohuwa mai gurasar rogo, ta kama hannunsa tana hawaye. Ya ƙara langaɓewa.

"Allah ya yi maka albarka, Misye Cuthbert," in ji ta. "Shekara ashirin ina jin waƙar direban nan da matarsa ta tafi, ban taɓa jin ƙarshenta ba. Ashe ta dawo. Da ba ka kwanta ba, da haka zan mutu ban sani ba."

Nan fa ɗaki ya ɗauka. Wani masunci ya ce sai yanzu ya gane waƙar da ya yi rawar aurensa da ita ta rabuwa ce. Wata ta tambayi Philomène a hankali ko likita ya ce ciwon zai daɗe.

Majinyaci ya yi wuf ya miƙe, hoda na zuba, ya ce ya warke. Sai ga Mis Eudoxie a bakin ƙofa da tukunyar miya. Ta ce ta janye maganarta: awa uku na nan, sunansa na nan a kan shirin, har hotonsa za a rataya a bango. Cuthbert ya harari matarsa, ya kifa malafa a ka, ya tambaya ƙarfe nawa zai zo ran Lahadi.

"Ka zo ina?" in ji Mis Eudoxie. "Misye Cuthbert, shirinka bai taɓa farin jini irin na yanzu ba. Ka yi zamanka, kada ka zo ka ɓata wa kanka suna."