Kifayena a Kicin Ɗin Malam Buba

Zamanin da kuɗin fetur ke yawo a Libreville, na ga tafkin kifi a gidan wani Bature, ruwa na kwararowa daga duwatsu. Na rantse sai na yi irinsa a tsakar gidana a unguwar Lalala.

Magini ya ce, "Alhaji, a bar wa ruwan sama mafita."

Na ce, "Ni Bakano za ka koya wa tattalin ruwa? Toshe ko'ina!"

Ruwan farko ya kwashe kifayen, ya kai su kicin ɗin Malam Buba, maƙwabcina kuma mai gidan da nake haya. Na je ban haƙuri, na tarar matarsa na suyar su.

Ya ce, "Zauna mu ci."

Har yau in hadari ya haɗo, sai ya leƙo: "Sarkin Ruwa, mu ɗora mai?"