Karkataccen Hoton Ɗan Goggo

Shagon hoton ɗan ƙarami ne: farin labule a bango, kujerar katako mara majingina a gabansa, fitilu biyu masu lema, sai tebur da kwamfuta a kusurwa. Mai shagon mace ce, kowa a layin Mai Hoto yake ce mata. Da hantsi wata doguwar motar fasinja ta tsaya a ƙofa. Direban ya sauko a hankali, ya dafa ƙofar motar kafin ya janyo ƙafar dama. Ɗan goggonta ne, taubashinta, shekara goma sha tara yana tuƙin doguwar hanya. Lasinsa ya kusa ƙarewa, ga shi kamfani ya ce ranar Litinin likita zai duba duk direbobi.

"Sannu da aiki, 'yar kawu. Ya kasuwa? Ko har yanzu ƙudaje kike ɗauka hoto?"

"Ƙudajen sun fi ka iya tsayuwa, ɗan goggo. Yau wa ya kore ka daga tasha?"

"Hoton lasin nake so, guda huɗu. Ki yi sauri, manyan mutane na jirana."

"Manyan mutane a motar da sai an tura? Zauna can, ka kalli nan."

Ya zauna, ya gyara hula. Ta ɗaga kyamara, ta leƙa, ta sauke.

"Miƙe."

"A miƙe nake."

"Cewa na yi ka miƙe, ba ka leƙa gidan maƙwabta ba."

Ta danna. Ta juyo masa da kyamarar ya gani. Kafaɗa ɗaya ta yi sama, ɗaya ta yi ƙasa, kai kuma ya turo gaba kamar kunkuru ya ji motsin ruwa.

"Wannan ba ni ba ne," in ji direba. "Labulenki ne ya karkace."

"Jiya na ɗauki mutum goma sha biyu a labulen nan, har da tsohuwa mai sanda. Babu wanda ya fito kamar katangar da damina ta ci sai kai."

"To kujerar ce. Kawu ya haɗa ta, na san aikinsa. Ko ke ma ai ga yadda kika fito."

"Zan gaya masa. Tashi mu gani."

Ya tashi, ita ta zauna a kujerar, ta girgiza ta. Kujerar ko motsi ba ta yi ba. Ta ce ya koma. Yana komawa ta zagaya bayansa, ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Ɗan goggo, bulo ka sato a wurin gini?"

"Wane bulo?"

"Wannan da ke aljihunka na baya. Ido ba mudu ba, ya san kima. Fito da shi."

Ya yi ta ƙunƙuni, ya karkata, da ƙyar ya zaro wani baƙin walat da ya kumbura har an ɗaure shi da roba. Ta karɓa da hannu biyu kamar an miƙo mata jariri.

"Barka da arziki. Ashe goggo ta haifi attajiri muna zaune ba labari."

"Kar ki buɗe. Asirin maza ne."

Ta riga ta cire robar. Takardu suka zube a tebur: tsofaffin lasin guda uku, katin wani makanike da ya rasu tun tuni, takardar maganin tarin jakin wani fasinja, mabuɗin kwaɗon da ya ɓata, da hoton yaransa suna rarrafe, yaran da yanzu babbansu ke aske gemu.

"A kan wannan kake zama?"

"Kullum. Ɓarawo bai taɓa samun sa'ata ba."

"Wane ɓarawo zai yi asarar yatsunsa? Awa nawa kake tuƙi a rana?"

"Tara. Wani lokaci goma."

"Awa goma ɓari ɗaya na kan tudu, ɓari ɗaya na cikin kwari. Kai da ke zagin yaran mota in taya ɗaya ta rage iska, ka ce mota za ta ja gefe. Bayanka fa, ƙarfe ne?"

Direba ya sunkuya yana tattara takardun, sai ya cije leɓe, ya dafa ƙugu. Mai Hoto ta ga haka, ta janyo kujerarta kusa.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu." Ya rage murya. "Daga ƙugu yake tasowa, ya bi bayan cinya har dunduniya. Wani lokaci ƙafar ta yi kamar ana yayyafa mata allurai. Da ita nake taka birki, 'yar kawu. Ko maman yara ban gaya wa ba. In likitan nan ya ce in ajiye mota, me zan iya? Ni ko wasiƙa ban iya rubutawa da kyau ba."

"Wannan kam na shaida, na ga rubutunka." Ta dube shi ido cikin ido. "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ranar Litinin da bakinka za ka gaya wa likita, kafin shi ya gano. Mutum sittin kake ɗauka a bayanka. Ni ba likita ba ce, amma na ɗanɗana. Ka ga kwamfutata?"

Ya duba. An ɗora allon kwamfutar a kan tsofaffin kundayen hotuna guda biyar.

"Na gani tun shigowata. Na ɗauka talauci ne ya hana ki sayen tebur."

"Bara wuyana ya ƙi juyawa. Wata biyu in an kira ni sai in juyo gaba ɗaya kamar firji. Likitar gashin ƙashi ta ce duƙawar da nake yi a kan allo ce. Ta ce in ɗaga shi ya zo daidai idona, tafin ƙafa a ƙasa, kuma duk rabin awa in tashi in taka. Yanzu ga ni."

Ta juya kai dama da hagu don ya gani.

"Mujiya ma ta san da ke," in ji shi.

"Mu je motar in ga sauran ɓarnar."

Suka fita. Ya hau, ya zauna yadda ya saba: kujera ta tafi can baya, ya kwanta a ciki, hannuwa a miƙe sai ƙarshen yatsu ke taɓa sitiyari, wuya ya turo gaba yana neman hanya.

"Tuƙi kake ko jiran wanzami?"

"Haka manyan direbobi ke zama."

"Shi ya sa manyan direbobi ke tafiya kamar masu neman allura a ƙasa. Janyo kujerar. Ƙara. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe in ka taka birki. Ɗaga majinginar. Matsa har ƙugunka ya taɓa ta."

Ta koma shago ta dawo da ɗan tawul, ta naɗe shi kamar tabarma, ta cusa masa a kwarin baya. Ya yi ajiyar zuciya bai shirya ba.

"Me na ji?"

"Tari ne."

"Allah ya ƙara tarin. Duk inda ka tsaya sauke fasinja, kai ma ka sauka ka zagaya motar sau biyu."

"Su ce direba ya haukace?"

"Ka riƙa dukan tayoyi da ƙafa, za su ce kula ce."

Ya kalle ta daga sama, ya yi murmushi. "Gwano ba ya jin warin jikinsa. Jakar kyamarar nan da kike ratayawa a kafaɗa ɗaya tun kina budurwa fa? Daga nan ina ganin kafaɗarki ta hagu tana gaida ƙasa."

Mai Hoto ta taɓa kafaɗar, ta kalli inuwarta a gilashin motar. Ta mayar da igiyar jakar ta ratsa ƙirji.

"Shiru ma amsa ce," in ji direba.

"Sauko a gama hoton, kafin fuskar ta ƙara tsufa."

Ya zauna gaban labule, aljihun baya babu komai. Ta ce ya ja haɓa ciki kaɗan, ya saki kafaɗu, ya yi kamar an ɗaura zare a tsakar kansa ana ja sama. Ta danna, ta buga guda huɗu, ta yanka ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ƙanena ne."

"Kai ne, da aka sauke ka daga kan bulo."

"In maman yara ta ga wannan za ta fara kulle ƙofa." Ya zuba hotunan a aljihun gaba, ya yi dariya har yana dafa tawul ɗin da ya maƙale a hammata. "Kin ci, 'yar kawu. Ranar Litinin zan gaya wa likita komai. Amma in kika gaya wa goggonki kin ji na ce kin ci, sai na rantse ban taɓa ganinki ba."