Rasuwar Aomaru, Keken da Ya Karye a Gangaren Tafki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido a buɗe, ni Rikuto Hasunuma nake sanar da 'yan uwa, abokan arziki da duk masu zagaya tafkinmu rasuwar kekena, Aomaru. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, gajimare ya sauko har ya taɓa ruwa, a gangaren da ke bayan tsohuwar tashar kwale-kwale. Ya rasu ina kansa. An ce tsufa ne. Ni ban yarda ba, kuma wanda ya karanta sanarwar nan har ƙarshe zai ga dalili.

Marigayin ya shigo hannuna shekarar da na bar makaranta. Na same shi jingine a bayan shagon Tsoho Tokuji mai gyaran keke, ba sirdi, ba birki, gizo-gizo ya yi gida a kwandonsa. Tun daga ranar na yi ayyuka da yawa na bari. Na wanke kwanuka a otal na bari. Na sayar da tikitin kwale-kwale na bari. Na yi dakon buhunan taliya, shi ma na bari kafin maigidan ya haddace sunana. Aomaru kaɗai ne ban bari ba.

Ya kasance mai haƙuri, mai ƙarancin buƙata. Bai taɓa neman fiye da ɗigon mai da iska a taya ba. Idan muna hawan tudun cikin gandun daji yakan ce kir, kir, kir, kamar dattijo mai ƙorafi a ransa, amma bai taɓa sauke ni ba. A gangare birkinsa yakan ce ƙiii, har birai su watse daga hanya tun kafin mu iso. Ƙararrawarsa ta daɗe da dishewa, kwal kawai take cewa, amma kowa a bakin tafki ya san ta.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ke wuyansa ranar da ya faɗi. Babana ya ba ni wa'adi: in ban sami aikin da zan zauna a kansa ba kafin ganyen bana ya gama zuba, zan tafi birni, kamfanin kwali na ƙaninsa, inda ake tsayuwa wuri ɗaya daga safe har yamma. Uwargida Namiki, mai kai baƙi yawon keke kewayen tafki, tana neman ɗan jagora ɗaya. Mu biyu muka nema, ni da Genta, wanda muka yi firamare tare kuma bai taɓa zagaya tafkin nan ba tare da ya tsaya cin wani abu ba. Ranar Talata ce ranar gwajina.

Rashin lafiyar ta fara a ɓoye. Tun lokacin zafi na fara jin wani sabon sauti a ƙarƙashina, ƙas, ƙas, wanda ba ya cikin maganganunsa na kullum. Na ɗaure kowane noti. Na duba sarƙa, na duba feda. Wata safiya na ga jan ruwa yana ɗiga daga ƙasan cikinsa, na ce laka ce, na goge. Ranar gwaji ina gaba, Uwargida Namiki da baƙi huɗu suna biye, ina nuna musu inda ganyen bishiyoyi ya fi rinewa ja kafin ya zuba, sai Aomaru ya ce ƙas sau ɗaya, da ƙarfi. Bututun da ke riƙe da sirdi ya rabu da gindinsa. Na tsinci kaina a cikin jiƙaƙƙen ganye, feda ɗaya a ƙafata. Wani baƙo ya ɗauki hoto.

Uwargida Namiki ta sauko ta duba gwiwata, sannan ta ce, "Rikuto, hanya kam ka san ta. Amma wanda bai san lafiyar keken da ke ƙarƙashinsa ba, ta yaya zan ba shi kekuna goma da ran mutane a kai?"

Da yamma Genta ya sami aikin.

Genta na fara zargi, ba zan ɓoye ba. Na tare shi a gaban shagon taliya na tambaye shi ina yake daren Litinin. Ya ce, "Kai, ni da ko tayata ban iya yi wa faci ba, ni zan yanka ƙarfe? Zauna ka ci, fuskarka ta yi kama da ta mai gadin maƙabarta." Na zauna na ci, amma ban cire sunansa daga zargi ba tukuna.

Washegari na kai gawar wurin Tsoho Tokuji. Ya zare sirdin, ya kifa marigayin, ya bubbuga. Abin da ya zubo a kan jarida ya kai cikin kwanon shayi biyu, jiƙe, ja saboda tsatsa. Ya dangwala da yatsa ya taɓa a harshe, ya tofar.

Ya ce, "Gishiri ne, ɗan nan. Kuma ba na jiya ba ne. Ko dai ka jefa shi a teku, ko a gidanku akwai mai ƙaunarka."

Ban cire takalmi da kyau ba na shiga kicin. Kakata Fusae tana yanka kabeji. Na ajiye jaridar a gabanta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni na zuba," in ji ta. "Sai me?"

Na ce, "Kaka, kin kashe shi."

"Na kashe shi? Ja'iri, tsarkake shi na yi. Ka manta abin da ka ɗauko a kwandonsa bara?"

Ban manta ba. Bara, farkon narkewar ƙanƙara, na iske ana fito da wani masunci da ya nitse a gefen arewa. Aka rasa wanda zai kai wa matarsa takalmansa na roba da hularsa, sai na sa su a kwando na kai. Da na dawo Kaka ta tare ni a ƙofa ta watsa mini gishiri a ƙirji da kafaɗu, kamar yadda ake wa duk wanda ya dawo daga wurin mutuwa. Ta juya za ta watsa wa Aomaru, na riƙe hannunta na ce gishiri yana cin ƙarfe. Ta janye hannunta, na ɗauka ta haƙura.

"Na watsa a waje ka goge," ta ce yanzu, tana ci gaba da yankan kabejinta. "Na ajiye a kwando ka zubar. To na sa inda hannunka ba ya kaiwa. Kullum kana bin bakin ruwan nan a kan abin da ya ɗauki kayan mamaci, kana so in kwanta in yi barci? Duk farkon wata cokali uku, da ɗan ɗigon giyar shinkafa. Ga shi ka faɗi, a kan ganye ka faɗi, ba cikin tafki ba. Ko na gode ba za ka ce ba?"

Ina sanar da jama'a cewa na yafe wa Kaka. Amma a nan ne maganar ta fara wari. Kakata ba ta iya buɗe murfin kwalba, yatsunta sun kumbura tun ina yaro. Notin da ke riƙe da sirdin Aomaru kuwa ni na ɗaure shi da hannuna, sai da sifana da ƙarfin namiji yake juyawa. Na tambaye ta wa ke kwance mata. Ta ce, "Na manta. Miƙo mini tukunyar can."

A gidanmu mutum uku ne. Sifana guda ce, tana cikin akwatin Baba.

Na same shi a tsakar gida yana wanke motarsa. Na tambaye shi kai tsaye. Ya matse soso ya ce, "Ta ce in kwance, na kwance. Ka taɓa ganin na ce wa uwata a'a?"

Na ce, "Baba, ka san abin da take zubawa?"

"Ni dai kwancewa aka sa ni."

Ina roƙon masu ta'aziyya su riƙe wannan. Babana shi ke tuƙa motar da ke watsa gishiri a kan hanyar dutse duk lokacin sanyi, don kada ƙanƙara ta daskare. Shekara ashirin yana wannan aiki. Duk ranar da ya dawo, ko abinci ba ya ci sai ya durƙusa ya wanke ƙarƙashin motar da ruwan ɗumi. Shi ya koya mini cewa gishiri yana cin ƙarfe. Wannan mutumin ne ya riƙe sirdin Aomaru a hannu duk farkon wata, yana kallo ana zuba cokali uku, sannan ya mayar ya ɗaure tsaf yadda ba zan gane ba. Ko biyayya ce ga uwa, ko shi ma tsoron tafkin yake, ko kuwa kamfanin kwali ne ya yi haƙuri ya jira tsatsa ta gama masa aiki, ban sani ba. Na tambaye shi wanne ne. Ya ce in kauce, zan jiƙe. Abin da na sani kawai, ƙaninsa ya riga ya share mini ɗaki tun kafin ranar Talata.

Marigayin ya rasu ya bar taya biyu, ta gaba da sauran ƙarfinta, ta baya da faci shida. Ya bar famfo ɗaya da ya tsufa a hidimarsa, da kwando, da makulli wanda yanzu ba shi da abin kullewa. Ya bar ni.

Za a yi jana'izarsa ranar Lahadi da safe a haikalin kan tudu. Malamin haikalin, wanda ke yi wa tsofaffin allurai da 'yan tsana addu'ar sallama duk shekara, ya yi gardama da farko, ya ce keke ya yi girma, amma ya yarda da sharaɗin a bar shi a waje. Daga nan za a kai gawar wurin mai sayen tsohon ƙarfe a gindin dutse. Baba ya ce zai ɗauke ta a motarsa. Na ƙi. Ni da Genta za mu ɗauke ta a kafaɗa, shi a gaba inda zan riƙa ganinsa. Ba a karɓar kuɗin ta'aziyya. Ana sanar da kowa cewa ba za a raba ƙunshin gishiri a ƙofa ba kamar yadda aka saba, wanda ke son tsarki ya nema a gidansu. Kaka za ta halarta, za a duba aljihunta. Babu zaman makoki, domin mai makokin zai hau motar birni ranar Litinin.

Abin da aka rasa: keke ɗaya. Aiki ɗaya. Wando ɗaya da fatar gwiwar hagu. Gishiri, a ƙiyasin Kaka, buhu ɗaya da rabi na ƙanana. Hanyar da ta kewaye tafki, dukkanta. Da amsa ɗaya, wadda har yanzu tana wurin Baba.