Yadda Za Ka Zaɓi Madubin Hangen Barewa Ka Burge Surukinka

Ni ne mai shagon kayan farauta da ke jikin gidan mai, a garinmu na nan jihar Wyoming ta Amurka. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari surukinka Orval, uban matarka Loretta, zai daina kiranka "ɗan birnin nan da Loretta ta kwaso mana". Duk wanda ya ce shawarata ta taɓa kai shi ƙasa, hassada ce ke cinsa.

1. San matsayinka

Tsohon ya yi shekara da shekaru yana shiga ƙuri'ar samun lasisin farautar barewa mai kunnen alfadari, sai bana sunansa ya fito. Gwiwarsa ta gaji, idonsa ya fi gwiwar gajiya, kuma kowa ya san wannan ne hawan tsauninsa na ƙarshe. Shi ke da izinin harbi. Kai an ɗauke ka ne ka zama idonsa, amma ranar da ya ji ka faɗi haka, a ƙafa za ka dawo gida.

2. Sayi madubi mai ido biyu, mafi nauyi

Kada ka tsaya gwaji. Rataya shi, in wuyanka ya yi ƙara, shi ne naka. Za ka ga tsauni na rawa a ciki saboda nauyinsa ya fi ƙarfin hannunka, sai ka ce iska ce. Barewa dai tana ganin girman kaya masu tsada, wannan sananne ne.

3. Ƙara da mai ido ɗaya, mai ƙafa uku

Da shi ake ƙirga rassan ƙaho daga nesa, kuma kai za ka goya shi. Orval zai rataya nasa na zamanin soja, wanda gilashin hagu ya tsage. Zai ce ubansa da wannan ya ciyar da gida. Ka yaba, ko da numfashinka ya kusa ƙarewa.

4. Zauna ka yi shiru

Gari na wayewa kuna kan tsauni, ɗuwawu a kan dutse mai sanyi. Ba a neman barewa sukutum, kunne ake nema, ko farin gindi. Kai kuwa za ka zabura ka nuna busasshen kututture, Orval ya ce ya san kututturen nan tun ba a haife ka ba. Daga baya ka nuna saniyar mutane. Sha gahawarka, kada ka kare kanka.

5. In ka ga na gaske, ba ka gani ba

A nan, wanda ya fara hange shi ake ambata a labari har jikoki. Saboda haka in namijin ya fito, ƙaho kamar an ɗora masa daurin itace, ka haɗiye ihunka. Ka saita mai ƙafa ukun a kansa tsaf, ka ce abin ya ƙi saituwa, ko Baba zai duba maka. Zai daɗe a sunkuye.

"Ga shi can gindin dutse," zai ce. "Kai idonka na ado ne?"

Ka ce na ado ne.

6. Harbi

Ku lallaɓa ku matsa kusa. Zai kwanta, ya kafa ido a madubin bindiga. Za ka ga bakin bindigar yana lalube, ya tsaya a kan dutsen da babu komai, alhali dabbar na gefe tana cin ganye. Wallahi abin zai ba ka tausayi. Kada ka taɓa masa hannu, kada ka ce hagu ko dama. Can zai sauke bindigar.

"Yaro ne," zai ce. "A bar shi ya ƙara shekara."

Ba ka taɓa ganin mai girmansa ba, ni ma da wuya. Ɗaga madubin nan naka mai tsada, ka duba da kyau, ka ce, "Gaskiya ne, Baba, ƙarami ne." Sannan ka karɓi bindigar ka riƙe masa.

Sanarwa

Kayan da aka saya ba a dawo da su. Ciwon wuya, firjin da ba nama, da tambayoyin Loretta, duk babu ruwana. In kuma a hanyar saukowa tsohon ya dafa kafaɗarka ya kira ka da sunanka, ka rasa inda za ka sa idonka, kada ka zo min shago da wannan. Ni madubi nake sayarwa.