Kaka Milunka Ta Sa wa Bango Hula

A garinmu mun yarda da likita, mun yarda da injiniya, amma mun fi yarda cewa iskar da ta shigo ta wata kafa ta fita ta wata tana kashe mutum. Promaja muke kiranta.

Bara hukumar gari ta cire tukunyar kwal mai ɗumama azuzuwa daga makarantar firamare, ta ɗora faifan sola a rufi, ta huda kafofi ashirin da shida a bango don iska ta riƙa zagayawa. Injiniya Vukashin ne ya jagoranci aikin. Saura kwana ɗaya masu duba aiki su iso: in makaranta ta ci, asibiti ne na gaba, in ta faɗi, asibiti ya ci gaba da kwal. Ga shi kwana uku na'urar awon iska tana nuna iska ba ta motsi.

Ni ne magatakardan makarantar, kuma ina tsaye lokacin da ya tarar da kakarsa Milunka a aji ɗaya, a kan tsani. Shekara tara da barinta aikin sharar makarantar, har yau ba a sami jarumin da zai karɓi makulli a hannunta ba.

"Sannu da zuwa, injiniyan huda bango," in ji ta. "Riƙe min tsanin nan, ka yi amfani ko sau ɗaya a rayuwarka."

"Kaka, mene ne wannan jan abu a bakin kafar?"

"Saƙa ce. Ulu zalla."

"Guda nawa kika saƙa?"

"Guda nawa ka huda?"

"Haba tsohuwa! Sau biyu na kwance na'urar nan, har Jamus na kira!"

"Da ka kira ni. Ni ce kusa."

"Iskar nan fa da ɗuminta take fitowa."

"Wadda ta karkatar da bakin kakanka ma mai ɗumi ce. Tsakiyar Yuli, a motar bas."

"Ba iska ba ce. Shekara hamsin bawan Allah yana shan miyar wakenki."

"Ja'iri! Miyar da kake suɗe kwanonta? Ni na riƙe ginin nan shekara talatin da huɗu da tsintsiya ɗaya. Girgizar ƙasa ta zo, ta tarar na goge daɓe, ta juya."

"Ni kuwa na kashe hayaƙin da ya girme ki, in akwai abin da ya girme ki a garin nan."

"Ka kashe hayaƙi ka buɗe wa mutuwa ƙofa ashirin da shida. Wannan suka koya maka a jami'a? Da akuyata na tura, da ko madara ta kawo."

"To wace ce jiya a kasuwa take faɗa wa masu tattasai cewa jikanta ya kamo rana ya ɗaure a kan rufi?"

"Wata mai taɓin hankali ce. Ban san ta ba."

"Wace ce ta shanya farin zanen gado a waje, ta bar shi kwana huɗu don maƙwabta su ga babu ɗigon baƙi?"

"Bai bushe ba ne."

Nan Vukashin ya rage murya. "Kaka, in suka zo gobe suka tarar da bango sanye da hula, asibiti zai ƙara shekaru yana hayaƙi. Can kike kai tarin nan naki."

Kaka Milunka ta yi tari, ta harare shi kamar shi ya aiko da tarin. Duk wanda ya share tokar makarantar nan yana da irinsa. Sannan ta fizge saƙar, ta sauko, ta buɗa bakin saƙar, ta kafa masa a ka. Hular ta zauna daram.

"Ka gani?" Ta fashe da dariya. "Kanka da ramin bango awo ɗaya ne, kuma duka iska ke wucewa ta ciki. Je ka ciro sauran. Iskarka ta shigo, amma ba za ta sami kai a buɗe ba. In ka cire wannan gobe, ni da kaina zan faɗa wa baƙinka shekarar da ka daina fitsarin kwance."

Washegari masu duba aiki suka auna, iska tana tafiya yadda aka tsara. Yara ashirin da biyar na aji ɗaya suna zaune da jar hula, injiniya yana bayani da ta ashirin da shida. Aka sa hannu, an fara aikin asibiti.

Hunturu ya wuce, promaja ba ta kashe kowa ba. Kaka Milunka ta ce hulunan ne, kuma har yau babu injiniyan da ya iya ƙaryata ta.