Ƙudan Zumar Leitu Sun Kama Aikin Hukuma

Jiya da safe ina kankare kwakwa a gindin bishiya, maƙwabciyata Leitu ta faɗo mini ko sallama babu, zani a karkace.

"'Yar uwa, taso ki gani! An ce zumata ta cika surutu!"

Ashe Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ne ya gina gidan hutu a bakin teku, daf da amyoyin da take kiwon zuma, kuma ƙugin ƙudan yana hana shi barcin rana. Ku yi masa uzuri, jikokina. Mutumin da ya wuni yana yi mana alkawari dole ya gaji.

Na bi ta muka je. Wanda aka turo Uelese ne, ɗan ƙanwar mijina, yanzu ya zama jami'i har da takalmi sau-ciki.

Ya ce wa Leitu, "Iya, umarni ne daga sama. A rage ƙara."

Ta ce, "To ɗana, gaya musu da kanka. Ba da baki suke yi ba, fukafukai ne. Fifita suke yi wa 'ya'yansu, suna busar da zuma."

"Iya, ni dai ba a aiko ni wajen fukafukai ba."

Ya sa aka lulluɓe amyoyin da tabarmi, aka ɗaure tamau da igiyar kwakwa, rana tana dukan tsakiyar kai. Zafi ya ƙaru, fifita ta ƙaru, ƙugin ya koma kamar na jirgin ruwan da ke zuwa birnin Apia. Kafin gwazata ta nuna a tukunya, ƙudan sun sami kafa sun fice, baƙi ƙirin a sama. Leitu ta bi su da gudu tana kuka. Da wannan zumar take riƙe jikoki marayu.

Kun san inda suka sauka? Cikin akwatin injin ruwan ƙauyenmu, wanda bai taɓa ko tari ba tun ranar da aka buɗe shi da rawa da gasasshen alade. Wuri mai inuwa, ba mai taɓa shi. Ni ma da nan zan zaɓa.

Da yamma Mai Girma ya zo wucewa a mota, ya ji zuuu daga cikin akwatin. Ya sauko, ya gyara furannin da aka rataya masa a wuya.

"Kun ji ko? Masu cewa ba ma aiki, yau me za su ce?"

Muka tafa. Ni na fi kowa tafi, da bokitina a bushe a hammata.

Leitu ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, zumata ce a ciki. A bar ni in kwashe abina."

"Baiwar Allah, kayan hukuma ne. Kada wanda ya taɓa injin da ke aiki."

Yau an sa wa akwatin kwaɗo, an kuma ɗauki mai gadi. Leitu na zaune a ƙofar gida tana kallon amyoyi wayam, mu kuma muna tarar ruwan sama kamar kullum. Amma a faɗi gaskiya, tun da nake ban taɓa ganin ma'aikatan hukuma masu fita aiki da sassafe irin waɗannan ba.